Ranar da Aka Auna Afiniki a Sikelin Citta

Mutanen da wannan labari ya shafa su shida ne. Akwai Boaz, mai gyaran kekuna a bakin kasuwar Kafanchan. Akwai Afiniki, mai kiwon kaji a wani ƙauye kan hanyar Kagoma. Akwai mahaifinta Malam Azariya, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiya, da mahaifiyarta Damaris. Akwai Lai'atu mai sayen citta, maƙwabciyar rumfar Boaz. Sai Gilbert, ma'aikacin ofis mai mota, wanda na ajiye shi a ƙarshe domin nan ne wurinsa.

Wata ranar kasuwa cikin damina, Afiniki ta turo kekenta rumfar Boaz, ƙwaiduwa tana ɗiga daga kiret ɗin ƙwan da ke kan kariyar bayan keken. Ranta a ɓace yake, ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Kai ne mai gyara? Duba mini tayar nan. Ita ce take fasa mini ƙwai."

Boaz ya latsa tayar, ya ɗaga kai ya dube ta, har ya manta hannunsa a kan roba.

"'Yar'uwa, tayarki ba ta da laifi. Hanya ce take dukan keke, keke ya doki kiret, kiret ya doki ƙwai. Babu wanda ya shiga tsakani ya raba faɗan."

"To, kai ka raba mana, tun da ka iya wa'azi."

Ya ɗauko ƙananan sifirin huɗu na tsohon babur, ya yanko roba daga mataccen tiyub. Ya bayyana mata cewa sifirin yana karɓar duka amma yana ramawa, roba ce take kwantar masa da zuciya. Kuma ba kowane sifirin ne yake dacewa da kowane kaya ba: in ya yi tauri kamar babu shi, in ya yi laushi sai ya durƙushe. Saboda haka ya kai kiret ɗinta sikelin Lai'atu ya auna, kafin ya zaɓa ya ɗaura su a ƙarƙashin kariyar.

Mako na gaba saƙo ya shigo wayarsa:

"Mai raba faɗa, kiret shida, ko ɗaya bai fashe ba. Amma bayana yana ciwo. Ƙwai sun fi ni daraja ne?"

Ya amsa mata:

"'Yar tsakuwata, ƙwai na sayarwa ne, ke ba a sayen irinki. Ki zo in yi wa sirdinki nasa."

Kafin ranar ta zo, sun riga sun saba. Takan kawo masa dafaffen ƙwai, shi kuma yakan raka ta har gada yana tura keken. Ran da za a yi wa sirdi sifirin, ya ce mata sai ya san nauyinta. Afiniki ta cire takalmi ta haye sikelin citta tana dariya, Lai'atu ta karanta lamba, Boaz ya rubuta da alli a jikin bango kamar yadda yake rubuta na kowane mai keke.

Gilbert yana cikin motarsa a tsallaken titi. Wannan mutum ya daɗe yana zuwa gidan Malam Azariya da burodi da manyan kalmomi, Afiniki ba ta taɓa ba shi fuska ba. Ya ɗauki hotonta a kan sikeli, ya dawo daga baya ya ɗauki na bangon, ya kai wa tsohon.

"Baba, ban so in nuna maka ba," in ji shi, alhali ya ƙona mai har ƙauye domin ya nuna.

Malam Azariya ya tashi tsaye. Ya kira 'yarsa.

"Ke! 'Yar da na kai kwaleji, a ɗora ta a sikeli kamar buhun citta a tsakiyar kasuwa? Nawa ya taya kilo? Har ya rubuta ki a bango tare da 'yan acaɓa!"

"Baba, aikin sirdi ne kawai."

"Rufe mini baki. In na sake jin sunan mai facin nan a gidan nan, ki nemi wani uban."

Maganar bangon ta sosa wa Afiniki rai, domin ba ta san bai goge ba. Ta aika masa:

"Ashe kowa ya shigo rumfarka sai ya karanta ni? Na ɗauka ni daban ce."

Ya amsa:

"Ke daban ce. Nakan goge na kowa in na gama aiki, naki ne hannuna ya ƙi gogewa. Wauta ce, ki gafarta mini. Yanzu na wanke shi da ruwa."

Ta gafarta masa, amma garin bai gafarta ba. Abin haushi, mutanen da suka yi shekaru suna bin wannan hanya mai gargada ba su taɓa zuba ko kwandon ƙasa a rami ɗaya ba, su ne suka sami ƙarfin yawo da hoton gida gida. Aka cire Afiniki daga gaban mawaƙan majami'a aka mai da ita layin baya. Boaz ya sa farar riga ya tafi ba da haƙuri, Malam Azariya ya bar shi tsaye a rana, bai ba shi kujera ba, ya ce masa ta taga: "Ba a sayar da mutane a nan, gidan Kirista ne."

Duk wannan Damaris tana ji daga ɗaki. Tun haɗarin mota da ya kashe mata ƙafafu, keken hannu mai taya uku take hawa. Amma hanyar majami'a duwatsu ce da ramuka, kowace girgiza kuwa a ƙashin bayanta take sauka. Shekara biyu ke nan ba ta je sujada ba. Gilbert ya taɓa alkawarin ɗaukarta kowace Lahadi. Sau ɗaya ya zo, dutse ya karce masa ƙasan mota tun bai ɗauke ta ba, ya juya, bai ƙara tada maganar ba.

Ta kira 'yarta ta ce, "Ƙwanki ba sa fashewa yanzu, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Mama."

"To, ranar kasuwa ki nemo mota, ki sa ni da kekena."

Da hantsi aka sauke ta a gaban rumfar Boaz. Yaron ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta ce masa, "Tashi, ɗana. Abin da ka yi wa ƙwai, za ka iya yi wa tsohuwa?"

Ya zagaya keken, ya girgiza kujerar, ya ga an yi mata walda kai tsaye a kan ƙarfe.

"Zan iya, Mama. Sai dai," ya sunkuyar da kai, "sai na san nauyinki. Ko a asibiti ma za a iya aunawa, ba sai a nan ba."

"Asibiti? A nan aka auna 'yata, a nan za a auna ni. Lai'atu, kawo kujera."

Lai'atu ta auna kujera ita kaɗai, sa'an nan mata huɗu suka ɗaga Damaris suka zaunar da ita a kai. Kasuwa ta taru. Labari ya iske Malam Azariya a wurin karɓar fansho, ya iso yana haki, hula a hannu.

"Damaris! Kin haukace ne? Sauko!"

"Da wace ƙafa, Malam?" in ji ta. "Shekara biyu kana ɗaura taye kana tafiya majami'a, ka dawo ka ba ni labarin wa'azi. Ka taɓa tambaya me ya hana ni zuwa? Ka ce Ubangiji yana ko'ina, in yi haƙuri. Yaron nan yana tambayar nauyin mutum domin ya san abin da zai ɗauke shi. Wancan mai motar nauyin motarsa kaɗai ya sani. Lai'atu, karanta da ƙarfi, Malam bai zo da tabarau ba."

Lai'atu ta karanta. Mata suka yi guɗa. Tsohon hedimasta ya juya ya tafi.

Kwana uku Boaz ya yi a kan keken. Ya yanke waldar, ya ɗora kujerar a kan sifirin biyu, ya cusa roba a kowace mahaɗa, ya naɗe abin tuƙi da tiyub domin kada tafin hannunta ya yi zogi. Ranar Lahadi Damaris ta tuƙa kanta tun daga ƙofar gida. Mijinta yana biye da ita da Littafi a hammata, yana kallon tayoyin suna faɗawa rami suna fita, kafaɗunta kuwa ba su motsa ba. Da ta shiga majami'a, zumuntar mata suka bar waƙar da aka sa, suka kewaye ta suna kuka.

Bayan sujada, Malam Azariya ya tsaya a gaban dattawa, ya sa aka kira Boaz, wanda ya raɓe a bencin ƙarshe.

"Shekara talatin ina koya wa yara su yi tambaya kafin su ba da amsa," in ji shi. "Ni ban yi ba. Na bar ka a rana, ɗana. Ka turo manyanka, akwai kujeru."

Da yamma saƙon Afiniki ya shigo:

"Mai raba faɗa, Baba ya ce a yanka zakara biyu ranar da za ku zo. Kada ka makara, zuciyata ba ta da sifirin."

Bayan girbin citta aka ɗaura aure. Gilbert ya aiko da uzuri, ba wanda ya karanta shi har ƙarshe. Malam Azariya da kansa ya sa hannun 'yarsa cikin hannun Boaz, mai baƙin mai a ƙarƙashin farce, ya riƙe su duka biyu ya daɗe bai saki ba. Ubangiji ya sa musu albarka, ya ba su 'ya'ya masu jin magana, ya kuma ba mu dattawa kunnen da ya fi bakinmu sauri.

Nan na tsaya. Wanda ya ga inda na karkace, ko a harafi ko a magana, ya miƙe mini shi cikin ƙauna.