Waɗanda Aka Maido daga Kwandon Shara

Ranar Laraba, ƙarfe shida da minti goma na yamma, Magatakarda ya gano an yi masa ɓarna a kwamfutar ɗakin kati na asibiti. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da katunan marasa lafiya, ko guda bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Yau ga fayiloli jibge a kwandon sharar kwamfutar, gobe da safe kuma masu bincike za su iso.

Bai wahala wajen neman mai laifi ba. Sabon jami'in nan ne da aka turo, mai yawan murmushi, wanda kullum ke cewa Baba ya huta mana, alhali idonsa na kan kujerar. Wato so yake a kama tsoho da sakaci. Magatakarda ya gyara tabarau, ya ce a ransa ba a haifi mai yi masa haka ba.

A ƙa'idar da aka horar da shi, ba a mayar da kati kan kanta sai an kira sunan mai shi an duba. Amma magariba ta kawo jiki, zuciya kuma ta hau. Ya zaɓe su gaba ɗaya, ya danna a maido. Kwandon ya koma fayau.

Sai bencin jira da ke bayan taga ya yi ƙara, irin ta an zauna. Ya sake yi. Ya sake.

Ya zaci da maigadi aka haɗa baki don a razana shi. Ya ɗaga murya ya ce an tashi aiki. Fanka ta tsaya. Wani wari ya shigo ta ƙasan taga, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da kafur.

Ya dubi sunan farko a allo. Tsohuwar nan ce mai ciwon ƙafa, wadda shi da kansa ya je ta'aziyyarta bara. Na biyu direba ne, haɗari ya yi ajalinsa. Bai duba na uku ba.

"Malam," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, "an dawo da mu layi. Wa za mu gani?"

Ƙofar fita tana bayan bencin.

Ya koma ga abin da ya iya. Ya kira sunan farko.

"Na'am."

Ya mayar da fayil ɗin kwando, ya ja layi a takarda. Benci ya yi ƙarar an tashi. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare.

Ya saurara. Akwai sauran numfashi dab da taga.

"Ni ba ni da kati," in ji muryar. "Ranar da aka kawo ni, ka riga ka rufe. Zan jira."

Ta tagar sito Magatakarda ya fita, ba hula, ba takalmi.

Washegari sabon jami'in ya yi masa bayani cikin ladabi cewa likita ne ya sa a cire fayilolin mamata kafin bincike. Magatakarda bai ba shi haƙuri ba, bai kuma daina zarginsa ba. Sai dai tun daga ranar, ba ya rufe taga kafin ya leƙa benci ya tambaya ko da saura. A rajistarsa kuwa ya rubuta da jan biro: Waɗanda aka maido, sittin da uku. Waɗanda aka sallama, sittin da uku. Mai jira, ɗaya.