Ƙullutun da ke Wuyan Yelwa

"Ajiye buhun nan, Malam!"

Rahmatu tana tsaye a tsakiyar zauren gidansu, ta rungume mage a ƙirji. Dalhatu, saurayinta, yana bakin ƙofa riƙe da buhun da babu komai a ciki. A waje sabuwar Hondarsa tana ta ƙara, bai kashe ta ba.

"Ba kashe ta zan yi ba," ya ce. "Tsallaken kogi zan kai ta. In ta haye gada ba za ta gane hanya ba. Za ta samu gida a can."

"Tana da gida."

"Rahma..."

"Kada ka ce mini Rahma da buhu a hannunka!"

Sunan magen Yelwa. Ta marigayiya mahaifiyar Rahmatu ce, kuma tun rasuwar a gefen ƙafar Rahmatu take kwana. Da damina wani ƙullutu ya fito wa magen a wuya, kamar ƙwayar gyaɗa. Kafin kaka ya kai girman goro.

Goggo Uwa, ƙanwar babanta da ke riƙe da gidan, ta so ta taimaka. Ta kira wanzami, ya yi wa magen sakiya da ƙarfe mai zafi, yadda ake huda wa mutum kumburi. Abin ya sace. Ba a jima ba ya dawo, ya fi da.

Daga nan magana ta shiga unguwa. Ciwon da ya ƙi wuta, in ji mata, ba ƙalau yake ba. Murja, 'yar kawun Dalhatu, wadda ta daɗe tana aiko masa da girkin da ba ya ci, ita ta kai ƙarashen kunnen mahaifiyarsa. Wai abin ya tsallaka ya fito wa Rahmatu a wuya, shi ya sa ba ta rabuwa da gyale.

Mahaifiyar tasa, Hajiya Saudatu, a shekarar ta dawo daga Makka a jirgin sama, da haƙorin zinare da akwatunan lefe cike da leshi. Ta ce babu akwatin da zai bar ɗakinta sai magen ta bar gidan su Rahmatu.

"Kai fa malamin dabbobi ne," in ji Rahmatu. "Kullum kana kasuwar kara kana duba shanu. Faɗa mini da bakinka, ana ɗaukar abin nan?"

"Ba a ɗauka."

"Ka faɗa wa Hajiya?"

Ya dubi buhun da ke hannunsa. Wata tirelar siminti ta wuce a titi, zauren ya girgiza.

"Ka taɓa ko duba magen?"

"Shanu aka koya mini. Da tumaki. In aka ji a kara ina yi wa mage magani..."

"Sai su yi dariya. To, su yi mana!"

Ta gyara wa magen zama a kafaɗa. Muryarta ta sauka.

"Yau Yelwa ce. Gobe in ƙullutun ya fito mini da gaske, wane tsallaken za ka kai ni?"

Ya fita, ya hau babur, ya tafi.

Goggo Uwa, da ke laɓe a bayan ƙofa, ta fito tana tafa hannu.

"Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? Miji mai albashi, mai babur, ki kore shi saboda mage? Magen da ko ɓera ta daina kamawa!"

"Goggo, ni ma ban iya kama ɓera ba."

"Ai sai ki zauna ke da ita, ku tsufa tare!"

Juma'a ta zo, Wudil ta cika da 'yan kasuwa, ta watse. Dalhatu bai zo zance ba. Rahmatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tana shara, tana daka, tana ba Yelwa kan kifi.

Wata safiya aka yi sallama. Shi ne, da jakar aikinsa. Bayansa Hajiya Saudatu, bayanta Murja riƙe da lema.

Goggo ta ruɗe, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da dabbobi, aka sake gaisawa. Rahmatu ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa.

"Shi ya tayar da ni," in ji Hajiya, ba ta kama sunan ɗan nata na fari ba. "Wai sai na zo na gani da idona. To, ga ni."

Dalhatu ya tsuguna. "Kawo ta."

Ya sa yatsa a kan ƙullutun, ya matsa a hankali.

"Yana motsi a ƙarƙashin fata. Babu zafi a wurin, ba ta ma ji na taɓa ba. Da na cizon faɗa ne, da ya yi zafi ya tara mugunya. Mugun kuma tauri gare shi, a manne yake da nama. Wannan jaka ce kawai. Wanzami ya huda, ta zube, ta sake cika. Sai an fitar da jakar."

"Ni dai taimako na yi," in ji Goggo.

"Allah ya sa kada ya fashe a kan mutane," in ji Murja, tana toshe hanci.

Babu wanda ya kula ta.

"A kara igiya muke sa wa sa, ƙarti su kayar da shi," ya ce. "Wannan ba ta ɗauruwa. Sai an nannaɗe ta, wanda ta yarda da shi ya riƙe."

Yelwa ta ga reza, ta zabura, ta kafta masa farce a bayan hannu. Jini ya tsatso. Rahmatu ba ta tsaya neman zane ba. Ta fizge gyalenta a gaban surukarta, ta nannaɗe magen tsaf, ta danne ta a cinya.

"Yi shiru, 'yar lelena... yi shiru."

Goggo ta rufe baki don kunya.

Hajiya ta dubi wuyan yarinyar, dogo, sumul. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya.

"Ke Murja. Ajiye lemar nan, je ki ɗebo musu ruwan zafi."

Dalhatu ya aske gashin wurin, ya yi allurar kashe zafi, ya jira. Ya tsaga fatar kaɗan. Hannunsa da ya saba da wuyan bijimi ya dakata. Rahmatu ta gani, ta ƙara matso da magen kusa da shi. Ya bi gefen jakar a hankali har ta fito ɗungurungum, fara, ba ta fashe ba. Ya ɗinke, ya shafa shuɗin maganin shanu.

Ya ɗora abin a tafin hannunsa, ya miƙe har gaban mahaifiyarsa.

"Ga shi a hannuna, Hajiya. In ana ɗauka, na ɗauka."

"Kai, jefar da ƙazantar nan!"

Ta tashi, ta gyara mayafi. A bakin zaure ta tsaya, ta dubi Goggo.

"Ku shirya tarbar lefe. Amma ko leƙa ɗakina magen nan ta yi, muciya za ta sha."

Murja ta dawo da ruwa, ta tarar babu mai buƙata.

Bayan sun tafi Dalhatu ya tsaya haɗa kayansa. Yelwa tana kwance a tabarma, wuyanta shuɗi, tana hararar kowa. Rahmatu ta ɗauki auduga, ta kama hannunsa, ta fara goge masa yakushin.

"Da mai taurin ne fa?"

"Da ban yanka ba."

"Sai me?"

"Sai ta tare tare da ke. In ajali ya zo, ya same ta a ɗakinmu."

Ba ta ɗago kai ba.

"Miƙo ɗaya hannun, masoyi. Nan ma ta kafce ka."