Mai Shayi da Na'a-na'ar da Ta Yi Barci

Ku matso, yara, tawa ta yau mai sanyi ce! A wani zamani, wani mai shayi ya yi ƙaura zuwa ƙasar da atishawa ke daskarewa kafin ta faɗo ƙasa. Ya tafi da na'a-na'a tukunya biyu, dashen mahaifiyarsa, wadda in babu ita shayinsa ruwan zafi ne kawai.

Da sanyi ya kankama, ganye ya zube ƙaf. Mai shayi ya ɗora hannu a ka.

Tsohuwa maƙwabciyarsa ta ce, "Ɗan nan, barci take yi. Naɗe tukwanen da ciyawa ka kai rumbu, ruwa sai jefi-jefi. Kada ka tashe ta."

Ya ce, "Haba Iya! A garinmu mai jin sanyi bakin murhu ake kai shi."

Ya kai ɗaya rumbu don kunyar Iya, ya girke ɗaya bakin murhu. Kullum ya tona ta bakin murhu ya duba saiwa, ya ba ta ruwan ɗumi. Kullum ya tona, kullum ya duba, har saiwa ta ruɓe. Saura ɗaya tal!

Ya ruga rumbu zai tona, sai ya tuna maganar Iya, ya tsaya cak. Hannu na ƙaiƙayi, ya zauna a kansa. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ƙanƙara ta narke.

Ran nan ya leƙa, sai ga tsiro kore shar!

"Iya! Iya! Ta farka!"

Tsohuwa ta ce, "Sannu da aiki, ɗan nan."

Ya share gumi ya ce, "Wallahi Iya, ban taɓa aiki mai wuya irin zaman nan ba."