Fayilolin da Suka Zo Babu Tambari

Ranar Litinin da hantsi wata mata daga Lakwaya ta tsaya a ƙofar wani ƙaramin asibitin kuɗi a Gwarzo tana ihu. Wani mai maganin gargajiya ne ya kira wayarta, uwar mijinta ta ɗauka, shi kuma ya faɗi sunan cutar da ta shekara uku tana ɓoyewa, har da tallan cewa yana da maganinta. Kafin azahar an gane mutum arba'in da uku ya kira, dukkansu masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Wani la'ananne ya kwashe sunayensu daga kwamfutar asibitin.

Hambali, manajan asibitin, bai ɓata lokaci ba ya nuna Badi'a, 'yar Kabo da ke kula musu da kwamfuta, ya ce abin da ta saka a ciki ne ya fasa asirin. 'Yan sanda suka ɗauke ta a gaban jama'a ana tofa mata yawu. In aka kai ta kotu, aikinta da sunanta sun tafi ke nan.

Sufeto Nata'ala ya tsani aikin da aka gama yanke hukunci kafin ya iso. Ya sa aka fito da ita.

"Malama Badi'a, me kika saka musu a kwamfuta?"

"Ban saka ba, Yallaɓai. Na dai kawo sabon tsarin da kwamfutar za ta riƙa aiki da shi ranar Alhamis. A matse yake cikin ƙunshi guda, karantawa kawai ake yi, ba mai iya sauya ko harafi."

"To ina matsalar?"

"Kowane fayil yana da tambarin da ke nuna wanda zai iya buɗe shi. Akwai manhaja mai gadi da ke duba tambarin ta gwada da dokokinta. Dokokin da ke kan kwamfutarsu tsofaffi ne, ba su san irin wannan ƙunshin ba. Mai gadin sai ya ga komai babu tambari, ya hana kwamfutar tashi. Na zo da gyaran a filas, ɗan ma'ajin bayanan nan da ake sokawa a kwamfuta, Manaja ya ce akwai layin marasa lafiya, in bari sai wani satin. Na bar su a kan tsohon tsari na tafi."

Sufeto ya tafi da ita asibitin. Tana kallon allon kwamfutar ta ja da baya.

"Sabon ne a kai! Kuma ba a sa gyaran ba. Wa ya yi wannan haukan?"

Ya fara da Sista Uwaliya mai ɗakin gwaji, wadda ke shigar da sakamakon.

"Ni?" Ta miƙe tana huci. "Yallaɓai, mutanen nan kaf na san su, na san gidajensu. In cin amana zan yi, me zan yi da kwamfuta? Kuma tun safiyar Juma'a ina Mainika wajen rigakafi, sai jiya na dawo."

Ya buga waya Mainika, aka tabbatar masa. Saura Hambali, wanda ke zaune a ofis yana kaɗa makullin mota.

"Manaja, wa ya ɗora sabon tsari?"

"Ita mana. Ni me na sani a kwamfuta?"

"To za mu duba wanda ya buɗe fayil ɗin."

"Ku duba, Yallaɓai, amma wahalar banza ce. Mai gadin ai a kashe yake, ba abin da za ku gani."

Sufeto ya ajiye biro.

"Wa ya gaya maka a kashe yake? Ko ni ban sani ba."

Hambali ya daina kaɗa makulli. Badi'a ta riga ta ja kujera tana danne-danne a kwamfutar.

"Ba a kashe yake ba," in ji ta. "An dai sassauta shi, shi ya sa kwamfutar ta tashi. In aka yi haka ba ya tare kowa, amma duk wanda ya kamata ya tare sai ya rubuta shi."

Ta juyo da allon. Juma'a, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, da shigar manaja, wato sunansa da kalmar sirrinsa, shigar da iyakarta lissafin kayan sito, an buɗe fayil ɗin ɗakin gwaji an kwafe shi.

"Bari in gaya maka yadda ka yi," in ji Sufeto, muryarsa na hawa. "A tsohon tsari ka sha taɓa fayil ɗin nan ana korar ka. Ranar Alhamis ka ji bayaninta, ka kore ta da zancen layi. Ka ɗora sabon da kanka, da ya ƙi tashi ka nemo a waya yadda ake sassauta gadin. Ka lissafa in abu ya fashe, za a ce mai sabon tsari ce. Mai maganin nan waye shi a wajenka?"

Hambali ya sunkuyar da kai. "Ƙanin matata ne. Kasuwa ce ta tsaya masa. Ban zaci zai riƙa faɗar cutar a waya ba."

"Ba ka zata ba! Ka ɗauki asirin bayin Allah ka miƙa wa ɗan talla, ka tsaya kana kallo ana tofa wa wannan yawu, don kasuwar surukinka ta tsaya?"

Aka sa masa ankwa, aka tura mota Kabo, inda mai maganin yake, a ɗauko ɗan'uwan cin amanar. Sufeto ya ce wa Badi'a tana iya tafiya gida.

"Sai na rufe ƙofar nan tukuna, Yallaɓai."

Ta zaro filas ɗin daga aljihun teburin Hambali, inda ya jefa shi tun Alhamis. Ta saka gyaran, layi ɗaya ne da ke koya wa mai gadin karanta tambarin sabon ƙunshin, ta mayar da shi kan tsanani, ta kashe kwamfutar ta kunna. Sannan ta gwada fayil ɗin da shigar manaja, aka kore ta.

Sufeto ya dubi agogonsa. Minti huɗu aikin ya ɗauka.

Likitan da ke da asibitin ya matso yana murza hannu. "Malama, don Allah ki yafe mana."

Ta rataya jakarta ba ta kalle shi ba.

"Ni an wanke ni, Likita. Ka je ka nemi yafiyar mutum arba'in da ukun da za su koma gida yau."