Motar Da Ba A Ƙwanƙwasa Ba

A cikin watan nan da rana ba ta leƙo Lyngen, can ƙurewar arewacin duniya, lokacin da duhu ke sauka tun mutane ba su tashi daga aiki ba, Steinar ya shigo gida da sabuwar mota. Mai lantarki ce kamar wadda ya bayar, sai dai wannan caji ɗaya kan kai ta birnin Tromsø ta dawo. Ya ajiye ta a gindin dutsen bayan gida, inda tsohuwar ta yi shekaru tana kwana, ya jona mata waya, ya tsaya yana kallonta kamar ango.

Tsohuwar ta matarsa ce, Torill, wadda ta rasu bara. Batirin motar ya gaji, in sanyi ya tsananta ba ka zuwa ko'ina gabanka bai faɗi ba. Dillali ya karɓe ta, Steinar ya yi ciko, ya fito bai waiwaya ba. Ba rashin so ba ne. Kujerar har yanzu ƙamshin Torill take, shi kuwa ya gaji da kuka a kan hanya.

'Yarsu Tuva tana zuba kifi da dankali sai ta ce, "Baba, ka ƙwanƙwasa kafin ka tafi da ita?"

"Ƙwanƙwasa me?"

"Ka sani mana."

Ya sani. Torill ba ta taɓa tayar da motar nan ba sai ta buga murfin gaba da bayan hannu, ta ce, "Masu kwana, a tashi, za mu fita." Motar mai, in ji ta, rurinta ya isa gargaɗi, amma wannan sulalewa take kamar mage, ga ɗumi a ƙasanta in tana caji. Steinar ya sha yi mata tsiya a kan haka. Da safiyar nan kuwa sauri yake kada jirgin fito ya bar shi.

"Ci abincinki," ya ce.

Bai rufe baki ba tsakuwa ta faɗo a kan rufi, ta gangaro a hankali. Wata ta biyo. Ya fita da tocila, ya tarar ƙanƙara ta lulluɓe tsakar gida, ba sawun kowa sai nasa. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya, ya ji ta da ɗumi kamar yanzu aka sake ta daga hannu. Da ya koma ciki, kujerar Tuva ba kowa.

A ƙarƙashin sabuwar motar ya same ta, ba takalmi, tana laluben ƙasa, tana rera waƙar lallashin jariri da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

Daga ranar gidan ya canja. Tuva ta bar ci, ta bar magana, hannuwanta suka yi sanyin da bargo ba ya korewa. Likita ta duba ta, ba ta ga komai ba. Da an yi shiru sai a ji kuka ƙasa-ƙasa daga wajen dutsen, kukan mace da ta gaji da kuka. Steinar mutum ne da ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannu ba, amma ya riga ya binne mace ɗaya, ga ta biyu tana zame masa yana kallo. Ya ajiye taurin kai ya kira Aslak.

Aslak tsoho ne daga ƙarshen gaɓa, cikin masu karatun nan da kan tsayar da jini da addu'a. Ba a biyansa, ba a kuma yi masa godiya, don an ce godiya tana karya maganin. Ya iso da tsakar rana, a ɗan hasken toka-tokan da ake samu. Sai da ya shanye kofi, sannan ya sa wuƙa ƙarƙashin kujerar Tuva, ya dafa kanta, ya yi ta karatu ba a jin abin da yake faɗi.

Fitilar ɗakin ta dusashe. Yarinyar ta ɗago kai.

"Wace ce ke?" in ji Aslak.

"Maƙwabciya. Muna zaune ƙarƙashin dutsen nan tun ba a aza harsashin gidan nan ba."

"Me kike nema a jikin 'yar mutane?"

Idanun suka juya kan Steinar.

"Tambayi wancan. Ɗana yana barci a ɗumin motar, ya tafi da shi ko sallama babu. Matarsa ba ta taɓa yi mana haka ba. Ya ɗauki nawa, na ɗauki tasa."

"Kuskure ne, bai sani ba."

"An faɗa masa. Dariya ya yi."

Aslak bai musa ba. Ya ce, "In ɗanki ya dawo, za ki sake ta, ba ke ba ita har abada."

Muryar mai kauri ta amsa.

"Shi ya kai shi, shi zai dawo da shi. Kuma kada ya bari ya ji sanyi. In nawa ya iso a sandare, haka zai sami tasa."

Steinar ya bar sabuwar motar a gida ya hau bas, bai san yadda ya isa Tromsø ba. Ya tarar da motar a bayan fili, cikin waɗanda za a cire wa batiri a matse sauran ƙarfen. Dillalin ya dube shi yana murmushi.

"Ah, har ka yi kewar tsohuwa? Ko mantuwa ka yi a ciki?"

"Mantuwa na yi," in ji Steinar.

Da aka ba shi makulli, ya tsaya a gaban motar, babban mutum da furfura, ya ƙwanƙwasa murfin. Ya ce, "Mai kwana, yi haƙuri. Gida za mu."

Ya cika batirin ya kama hanya. Duk mai irin wannan mota ya san na'urar ɗumi ita ke shanye caji, don haka a tafiya mai nisa akan kashe ta a ƙudundune cikin riga. Steinar ya murɗa ta har ƙarshe. Gumi yana keto masa, lambar caji da ke allon motar tana zubewa, bai kai hannu ya rage ba. Bayan ya sauka daga jirgin fito, sai ya fara jin numfashi a kujerar baya, ƙanƙane, mai ɗan shessheƙa.

A gindin hawan ƙarshe motar ta mutu. Yana hango fitilar gidansa can sama. Ya fito, iska ta mare shi, ya buɗe ƙofar baya. Ba komai a kujerar sai tsohon bargon Torill da ya bari a ciki don ya kasa taɓa shi. Ya naɗe shi ya ɗaga, sai ya ji nauyi, nauyin yaron da bai fara tafiya ba. Ya buɗe rigarsa ya cusa shi a ƙirji, ya hau tudun yana nutsewa cikin ƙanƙara, wani ɗan hannu yana riƙe da wuyan rigarsa.

A gindin dutsen ya durƙusa. Nauyin ya bar hannunsa, bargon ya faɗi wayam.

Da ya shiga gida, Aslak yana sa hula, Tuva kuwa tana tsaye gaban firji.

"Baba, ina ka shiga? Yunwa kamar ta kashe ni."

Ya rungume ta, ya ji hannuwanta da ɗumi, ya fashe da kuka. Ya buɗe baki zai yi wa tsohon godiya, Aslak ya ɗaga yatsa ya hana shi, ya fita.

Washegari Steinar ya cire wa sabuwar motar waya zai kai Tuva makaranta. Ya duba hagu da dama kada maƙwabta su gani, ya ƙwanƙwasa murfin, ya faɗi kalmomin Torill. Ya kai hannu zai buɗe ƙofa ke nan, daga ƙarƙashin motar aka ƙwanƙwasa masa amsa.