Fulawar Marigayi Nuru

Magariba ta kawo jiki a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan lokacin da Kubra ta sauke tukunya daga murhu. Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta Nuru, bai bar mata komai ba sai 'yarsu Maijidda da wata fulawa a tsohon gwangwanin fenti a baranda. Kullum da yamma takan zauna gaban fulawar tana ba ta labarin wuninta, kamar shi ne. Mutane na cewa ta fara zarewa. Su dai suka sani.

To, sai wasu fararen ƙwari kamar auduga suka manne wa ganyen, ya fara yaushi. Maƙwabciyarta Lucy ta ce da irin Hausarta, "Mama Maijidda, ka dafa dogonyaro da toka, ka bari ya yi sanyi, ka yayyafa."

Kubra ta yayyafa wanda ya huce. Sauran ruwan zafin kuwa, garin sauri ta sheƙar da shi a ƙasa gefen gwangwanin, da magariba, ko bisimilla babu. Wani abu ya yi 'yar ƙara siririya. Sai shiru.

Washegari war haka tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku Maijidda ta daina ci, ta daina magana, sai dai ta ƙura wa fulawar ido. Tsoro ya kama Kubra, don in yarinyar nan ta tafi, ba ta da kowa a duniya.

Aka ɗauko Malam Shitu daga cikin gari. Ya turara ɗakin, ya daɗe yana karatu, can sai bakin Maijidda ya buɗe da muryar tsoho.

"Ta ƙona ni."

"Ba ta san kana wurin ba," in ji malam. "Me ya zaunar da kai gidan mutane?"

"Hira. 'Yan'uwana duk sun watse tun shekarar rikici. Ita kaɗai ke yi mini magana. Tana kiran Nuru, ni nake sauraro."



"Fita daga jikin yarinyar nan," in ji malam.

"A ba ni gwangwanin, a kai ni bakin ruwan Matsirga. In an ƙi, yarinyar ce gidana."

Da safe Kubra ta shiga motar Madakiya, ƙauyen da ke kusa da Matsirga, da gwangwanin a cinyarta. Ta ajiye shi a inuwa kusa da ruwan, ta tsince sauran ƙwarin da yatsunta, ta juyo tana kuka. Ko da ta dawo gida, ta tarar Maijidda na shan kunu.

Da yamma ta zauna a baranda, bakinta cike da labari, babu wanda za ta ba. Sai ga Maijidda ta fito tana dafa bango, ta zauna kusa da ita.

"Inna, yaya hanya? Ni ki ba ni labarin."