Kwaɗona, Kin Danna

Ranar da ta fara ganinsa, faɗa ta yi masa. A ɗakin kwamfuta na sashensu ne, makon farko na aji biyu. Ya fita amsa waya ya bar kwamfutarsa a buɗe, saƙonninsa a baje kamar kayan talla. Ta miƙa hannu ta kulle masa, da ya dawo kuma ta wanke shi tas. Mutumin da ke karatun tsaron intanet ya bar ƙofarsa a wangale, me zai tsare wa wani? Ya tsaya yana kallonta, ya ce bai taɓa ganin kwaɗo mai magana ba sai yau. Ta ce wane kwaɗon, na rafi ko na ƙofa? Ya ce na ƙofa mana, irin wanda ba kowane makulli ke buɗe shi ba.

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta sa masa Gaggawa, domin yakan amsa tambaya kafin a gama yin ta. Kafin su kai aji huɗu, tare suke karatu, tare suke musu, har ya je gidansu sau biyu ya gaishe da Umma.

Baba ne dai ba a samu kansa ba. Tela ne, shagonsa na tsakiyar layin teloli, kuma tun farko bai so karatun nan ba. Cewa yake yi an tara yara ana koya musu fasa gidan mutane, sannan a ba su takardar shaida. Sau nawa tana yi masa bayanin cewa masu gadi ake horarwa. Malamarsu ma sai da ta sa kowa ya sa hannu a takarda: ba a gwada wayar kowa ko kwamfutar kowa sai da izininsa a rubuce, wanda ya karya kuwa zai fuskanci kwamiti. Baba ya ce ya ji, zai gani a ƙasa.

Shi ya sa ta ƙwallafa rai a kan jerin sunayen ɗaliban da za a tura horon aiki a kamfanonin tsaro. Mako uku tana jira. Wata Talata da hantsi, tana cikin mota, saƙo ya shigo da tambarin sashensu: "An fitar da sunayen waɗanda aka zaɓa. Danna nan ka duba naka." Murna ta kama ta. Ba ta buɗe ba. So take idon Baba ya riga nata gani, sai ta tura masa, ta rubuta a ƙasa: "Baba, duba ka ga sunan 'yarka."

Baba ya manta tabaraunsa a gida ran nan. Ya miƙa wa maƙwabcin shagonsa wayar, ya kira sauran teloli su zo su ji. Maƙwabcin ya danna, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi:

"Kwaɗona, kin danna! Da ɓarawo ne ni, da yanzu na kwashe komai. Yau dai na buɗe ki. Naki har abada, Gaggawa."

Layin ya ɗauki dariya. Wani ya tambaya ko kamfanin kwaɗi ne ya ɗauke ta aiki.

Da yamma Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ya ajiye wayar a gabanta ya ce ta karanta masa da bakinta. Ta karanta. Ya ce shekara talatin yana layin nan ba a taɓa nuna shi da baki ba. Ya ce yaron da ya iya sa rigar makaranta ya yi wa yarinyar da yake so ƙarya, gobe rigar wa zai sa? Kada ya ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan.

Ba ta kare shi ba. Ita kanta ji take kamar ta shaƙe shi. Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Kwaɗona, wasa ne wallahi. Shafin bai ɗauki komai ba, rubutu ne kawai."

"Na ɗauka za ki gane adireshin bogi ne, ki zo ki yi min dariya."

Ta amsa sau ɗaya: "Ka san mako uku ina jiran sunayen nan. Da abin da ka sani a kaina ka ɗana min tarko. Haka ɓarayin suke yi, mun karanta tare. Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

A aji ta koma kujerar gaba. In ya biyo ta baranda sai ta shige ofishin sashe. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma ta yi sake. Shekara huɗu tana gargaɗin mutane kada su danna abin da ba su tantance ba, ga shi ita har turawa ta yi. Duk lokacin da ta tuna, sai haushinsa ya ninku.

Cikin haka ɗan aminin Baba, mai kemis, ya fara zuwa gaisuwa. Mutum ne mai tsafta da ladabi, ta kuma saurare shi, rabi don Baba, rabi don labari ya kai inda take so ya kai. A zuwansa na uku ya ce shi fa a wurinsa soyayya ba ɓoye-ɓoye, in sun daidaita sai ta ba shi lambar buɗe wayarta. Ta ce masa ko Umma da ta haife ta ba ta da ita. Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya shanye ruwansa ya yi sallama.

Umma ta same ta a kicin tana dirzar tukunyar da ta riga ta fita. Ta karɓe soson ta ce tukunyar ba ita ta tura saƙo ba. Ta ce fushinta daidai ne, kada kowa ya ce mata ta yi haƙuri kafin ta shirya. Amma ta duba da kyau: akwai namijin da zai yi laifi ya yi ta bayani, akwai wanda zai ɗauki laifinsa a ka. Ta jira ta ga wanne ne wannan.

Ranar da sunayen gaskiya suka fito, nata ne na uku. Ta bi jerin sama da ƙasa ba ta ga na Gaggawa ba, alhali shi ne na ɗaya a ajin. Malama ce ta kira ta ofis ta gaya mata. Da ƙafarsa ya zo ya ce ya gwada ɗaliba ba da izininta ba, ya kawo shafin da saƙon, ya rubuta komai. Kwamiti ya cire shi daga horon, sai baɗi.

Ta same shi a ƙarƙashin bishiyar bayan ɗakin karatu. Ta ce wa ya aike shi? Ya zubar da shekara guda don ya ba ta tausayi? Ya ce ba don ita ya yi ba. Ya sa hannu a takarda, ya karya, kuma in bai faɗa ba, duk inda aka ba shi amanar kwamfutocin mutane zai riƙa tuna cewa ya taɓa yi ya sha.

"Har yanzu ina jin haushinka," ta ce.

"Na sani. Ki ci gaba da ji, ni dai kada ki tafi."

Bai je gidansu ba, tunda an hana shi. Wasiƙa ya rubuta da hannu ya ba yayansa ya kai shago, yana neman Baba ya yarda ya zo ya ba da haƙuri a inda aka yi dariyar. Wasiƙar ta kwana shida a ƙarƙashin almakashi. A na bakwai Baba ya ce ya zo, ya kuma ce 'yarsa ma ta zo ta ji.

Teloli suka tsayar da kekunansu. Ya durƙusa a bakin shago ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, bai ce wasa ne ba. Ya ce sunan 'yar Baba ya fito na uku, da guminta, shi kuma nasa bai fito ba saboda halinsa. Baba ya tambaye shi ko ya san abin da ya fi ɓata masa rai. Ya ce dariyar da aka yi. Baba ya ce a'a, dariya ta wuce tun ran nan. Yarinyar nan murna ta turo masa, shi kuma saurayin ya mayar da ita abin kunya.

Sai ya juyo gare ta. "Ke fa? Kina son sa, ko in sallame shi?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ba ta gama hucewa ba, amma kada a sallame shi.

Baba ya juya ga saurayin. Sai ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa.

"Tashi tsaye. Miƙe hannuwanka."

Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya rubuta a littafinsa. Da ya zo wuya ya ɗan matse tef ɗin fiye da ƙima, har saurayin ya yi tari. Maƙwabcin nan ya ce a sassauta, a bar musu angon da rai.

Bayan ta gama horonta, shi kuma ya shiga nasa, aka ɗaura auren. Rigar ta zauna masa cif. Baba ya riƙe hannayensu biyu ya ce ya ba shi amanar abin da ya fi komai daraja a wurinsa, Allah ya sa su zama sutura ga juna, ya ba su zuriya mai albarka. Umma ta ce amin tana share ido, amarya ma ta ce amin, a hankali, hannunta cikin nasa.